Ma'anar "duba lafiya daga nesa" da alaƙarsa da lafiyar ƙwaƙwalwar matasa

Duba lafiya daga nesa shi ne mara lafiya ya gana da ma'aikacin lafiya ba tare da sun haɗu ido da ido ba, ko ta kiran waya, ko ta bidiyo, ko ta saƙon rubutu. A Turance ana cewa telemedisin. "Tele" ɗin nan daga Girkanci ya samo asali, ma'anarsa nesa, kuma shi ne a farkon kalmar da ta zama talabijin a bakinmu.

Da yawa suna ɗauka wayar zamani ce ta kawo shi, alhali ya girme ta nesa ba kusa ba. Tun a 1959 wata cibiyar kula da masu taɓin hankali a jihar Nebraska ta Amurka ta fara amfani da talabijin mai kai hoto da murya ta ɓangarori biyu, a 1964 kuma aka haɗa ta da asibitin garin Norfolk mai nisan fiye da mil 100. Annobar korona ce dai ta fito da shi fili. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta binciki ƙasashe 130, ta gano cewa a kashi 93 cikin ɗari daga cikinsu ayyukan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa sun samu cikas, sai asibitoci suka koma ga waya.

A ganina babu fannin da tsarin ya dace da shi kamar wannan. Mai ɗori sai ya taɓa ƙashi, amma aikin likitan ƙwaƙwalwa da masanin halayyar ɗan Adam mafi yawansa magana ce da sauraro: yaya barcinka, kana iya cin abinci, tun yaushe ka daina jin daɗin abin da ka saba so? Hanyar jinyar nan da ake koya wa mutum gane munanan tunaninsa da sauya su tana tafiya lafiya lau ta bidiyo.

To me ya sa ake yawan ambaton matasa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa ko fargaba, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka suna farawa ne kafin a wuce shekara 14. Masu duba su kuwa ba su da yawa: a ƙasashe matalauta ba su kai biyu ga kowane mutum 100,000 ba, kuma akasari a manyan birane suke. Ga kuma kunya, wadda sau da yawa ta fi nisan hanya nauyi. Yarinyar da ba za ta taɓa yarda a gan ta a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa ba tana iya rubuta "ba na iya barci" cikin dare ta tura. Layin waya na 988 ma, wanda Amurka ta buɗe a Yulin 2022 don agajin gaggawa ga masu matsalar ƙwaƙwalwa, yana karɓar saƙon rubutu, ba kira kaɗai ba.

Sai dai a lura, ba kowace manhaja mai ba da shawara ce ta shiga wannan ma'anar ba. Idan babu ƙwararre mai lasisi a ɗaya ɓangaren, to ba duba lafiya ake ba. Batun izinin iyaye ga wanda bai balaga ba kuma ya danganta da dokar kowace ƙasa. Wanda ke shirin hallaka kansa, ko hankalinsa ya gushe, a kai shi asibiti nan take.

Babbar matsalar da ba a cika faɗa ba ita ce sirri. Waya ta kawar da tafiya, amma ba ta ba matashi ɗakin kansa ba. Wani wayar ma ta aro ce, wani kuma wanda ke cutar da shi yana zaune a bayan ƙofa. Don haka ƙwararru kan buɗe hira da tambayoyi biyu: kana ina yanzu, kuma akwai mai jin mu? Ta farko don a san inda za a aika agaji idan abu ya ɓaci. Idan amsar ta biyu "e" ce, sai a koma rubutu ko a ɗage zaman.