Ragar Bamba da Ƙarfen Gaba: Tasirinsu ga Intakula a Akori-kura Mai Turbo

Ragar bamba da ƙarfen gaba kayan ƙari ne da ake ɗaura wa akori-kura bayan ta baro kamfani, don kare gabanta daga dabbobi, tsakuwa, kututture da ciyawa. A karkarar Kano da Jigawa sun zama ruwan dare, musamman a motocin da ke ɗaukar shinkafa, riɗi, taki da 'yan kasuwa a hanyoyin burji. Wasu na kamfani ne, kamar na ARB ta ƙasar Ostireliya, inda aka saba ɗaura irin wannan ƙarfe saboda karo da dabbar kangaru. Amma mafi yawan waɗanda ake gani a nan aikin masu walda ne, da fayif da falanki da aka sayo a Ƙofar Ruwa. A mota mai turbo, waɗannan ƙarafa suna rage iskar da ke kaiwa ga intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga injin. Girman illar kuwa ya danganta da inda intakular take, da faɗin ƙofofin ragar, da kuma abin da aka cire daga gaban motar kafin ƙarfen ya zauna. Wannan na ƙarshe shi ya fi ɓarna, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Aikin turbo da intakula

Turbo na'ura ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta matsa iska ta cusa wa injin fiye da yadda zai iya zuƙa da kansa. Injiniyan ƙasar Suwizalan Alfred Büchi ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1905. Matsalar ita ce iska in aka matse ta sai ta yi zafi, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, wato iskar da ke taimaka wa mai ya ƙone ta ragu a cikin kowane cikon silinda. Shi ya sa ake sanya intakula tsakanin turbo da injin. Kamarta ɗaya da lagireto, an yi ta da alminiyam mai siraran haƙarƙari, sai dai iska ce ke bi ta cikinta ba ruwa ba, iskar waje kuma ta ratsa haƙarƙarin ta kwashe zafin.

Lissafi yana nuna girman aikin. A ranar da zafi ya kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, abin da ba baƙo ba ne a Haɗeja ko Gumel a watan Afrilu, idan turbo ta ninka matsin iska sau biyu, iskar za ta fito da zafin da ya kai wajen digiri 135 zuwa 140. Intakula mai lafiya da ke kwashe kashi 70 cikin 100 na wannan ƙarin zafi za ta mayar da ita wajen digiri 70. Wannan sanyayawar kaɗai tana ƙara wa iskar kauri da kusan kashi 20 cikin 100. To duk abin da ya tsaya tsakanin intakula da iskar waje, daga cikin wannan ribar yake ci.

Motocin da abin ya shafa

Ba kowace akori-kura ce ke da turbo ba, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Toyota Hilux mai shan fetur, mai injin 2TR-FE lita 2.7, wadda ake yawan gani a hannun ma'aikatu da ƙananan hukumomi a Nijeriya, ba ta da turbo, saboda haka ba ta da intakula. Haka ma tsohon injin dizal 5L-E, da Land Cruiser mai 1HZ. A irin waɗannan motoci, raga na iya takura wa lagireto da kwandansan esi, amma batun intakula bai taso ba.

Masu turbo kuma sun kasu biyu. A Hilux ta zamanin 2004 zuwa 2015 mai injin 1KD-FTV lita 3.0, intakular tana kwance a saman injin, tana shan iska ta wata kafa da ke kan bonet. Ragar da ke cikin bamba ba ta tare mata hanya kai tsaye, ko da yake dogon ƙarfe da ya haura bonet, ko jerin manyan fitilu a samansa, na iya karkatar da iskar da ya kamata ta faɗa kafar. Daga 2015 kuwa, da aka kawo injin 1GD-FTV lita 2.8 da 2GD-FTV lita 2.4, an sauko da intakular gaba, bayan giril da bamba, kafar bonet ta ɓace. Ford Ranger ta 2011 zuwa 2022, mai lita 2.2 ko 3.2, ita ma a gaba take. Waɗannan su ne motocin da ragar bamba ke taɓawa sosai. Kafin a kira mai walda, a buɗe bonet a bi babban tiyon da ya fito daga turbo a ga inda ya nufa.

Yadda iska ke ratsa gaban mota

Iska ba ta shiga haƙarƙarin intakula don kawai tana gabanta. Sai matsin da ke gaba ya fi na baya take kutsawa. Abu biyu ke samar da wannan bambanci: gudun mota da fanka. Matsin da gudu ke kawowa yana hauhawa ne ninki kan ninki, ta yadda motar da ke gudun kilomita 20 a awa take samun kashi ɗaya cikin 25 kacal na matsin da za ta samu a kilomita 100. A kan kwalta tsakanin Wudil da Dutse, iska tana da ƙarfin tura kanta ta raga mai matsakaicin ƙofofi. A cikin rairayin arewacin Jigawa, wajen Maigatari ko Sule Tankarkar, inda mota ke giya ta biyu da lodi, an taka totur, turbo na aiki tuƙuru, gudun kuma bai taka kara ya karya ba, kusan fanka ce kaɗai ke jan iska. Kuma tana jan ta ne ta cikin jerin abubuwa: raga, intakula, kwandansan esi da lagireto. Kowanne sai ya ci rabonsa.

Faɗin ƙofofin raga

Abin dubawa a raga shi ne kaso nawa ne na fuskarta yake buɗe. Ragar waya mai ƙofofi murabba'i na milimita 12, da waya mai kaurin milimita 1.5, kusan kashi 79 cikin 100 nata a buɗe yake. Falankin da aka huhhuda da ramuka masu milimita 5, tazarar milimita 8 daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa, kashi 35 kawai yake bari. A ido duka biyun raga ce, na biyun ma ya fi kyan gani in an fesa masa baƙin fenti, shi ya sa masu mota ke zaɓarsa. Amma ya rufe kusan kashi biyu cikin uku na hanyar iska, kuma ƙuntatar da yake yi ba ta tafiya daidai da kason da ya rufe, tana hauhawa da sauri yayin da ƙofofin ke raguwa.

Ragar taga ta sauro, wadda wasu ke ɗaurawa da damina saboda shinge da fara, tana da wata illar dabam. Tana sabuwa iska na wucewa, amma ƙananan ƙofofinta suna cikewa kamar rariyar da aka tankaɗe jiƙaƙƙen gari da ita. Tafiyar dare ɗaya a gefen fadama ta isa ta toshe ta.

Ban da raga akwai abin da ake ratayawa a kanta. Lambar mota da aka ɗaure a tsakiyar kafar ƙasa, manyan fitilu biyu, da injin jan igiya, duk suna zama ne daidai inda intakula ke shan iska. Fayif ɗin ƙarfen gaba shi kansa, in siriri ne kuma yana da tazara daga giril, illarsa kaɗan ce, domin iska na zagaye shi ta sake haɗuwa. Shimfiɗaɗɗen falanki ne ba ta iya zagayewa.

Robobin da ake jefarwa

A bayan bambar asali akwai wasu baƙaƙen robobi da soso, a gefe da gefe da kuma ƙasa. Ba ado ba ne. Su ne ke killace iskar da ta shigo, su hana ta zillewa, su tilasta mata bi ta cikin intakula da lagireto. A rumfar walda, in aka sauke bamba aka zo gwada sabon ƙarfe, sau da yawa waɗannan robobi suna tokare shi. Yaron shago ya sa sukundireba ya ɓalle kilif-kilif ɗin, ya jefa su gefe kan tarin guntayen ƙarfe. Mai mota ya tambaya, maigidan shagon ya ce, "Alhaji, ai roba ce kawai, ba ta da wani aiki." Daga ranar iska ta sami hanya mai sauƙi: ta shigo ta gaba, ta fice ta gefe ko ta ƙarƙashi, ba ta taɓa haƙarƙarin ba. In mota na tafiya a hankali ma abin ya fi muni, domin fanka na iya zuƙo iska mai zafi daga ɗakin injin ta wannan giɓin, ta sake bi da ita ta cikin intakula.

Mota mai raga mai manyan ƙofofi da aka cire wa robobin nan tana iya fin mai matsakaiciyar raga da robobinta zafi. Bai kamata a ɗora wa mai walda laifin duka ba, tunda shi ƙarfe ya koya, ba tafiyar iska ba. Mai mota ne ya kamata ya tsaya a kansa ya ce a datse robar daidai yadda ƙarfen zai wuce a mayar da ita, ko a yanko wata daga roba mai kauri a toshe giɓin.

Kaka, hunturu da bazara

Kowane lokaci da abin da yake kawowa. Da kaka, a yankin Kura da Bunkure da Kadawa inda ake noman shinkafa da ruwan madatsar Tiga, ƙaiƙayi ne ke tashi a wuraren sussuka. A fadamun Haɗeja, audugar kan kacalla ce ke shawagi in ta bushe. Hunturu ya zo da ƙura mai laushi, wadda in ta haɗu da ɗan baƙin man da ke tsattsafowa daga bakin tiyon intakula sai ta zama daskararriyar laka a tsakanin haƙarƙari. Duk wannan yana taruwa ba a sani ba, saboda sanyin hunturu yana rufa asiri. Sai bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, sannan mota ta fara nuna gazawa.

A nan ne raga take da amfaninta na gaskiya. Intakular gaba tana ƙasa-ƙasa, alminiyam ɗinta kuma ba kauri. Tsakuwa ɗaya daga tayar tifa, ko karan dawa da ya soko ta kafar bamba, na iya huda ta, iskar turbo ta riƙa tsiyayewa da fito, mota ta yi baƙin hayaƙi ta kasa hawa tudu. Ragar waya mai ƙarfi mai manyan ƙofofi tana tare wannan, abin da take ci na iska kuma bai kai abin da take karewa ba.

Alamomi da gwaji

Allurar zafi da ke gaban direba ruwan lagireto take aunawa, ba iskar turbo ba. Intakula na iya gazawa allura tana tsakiya. A sababbin motocin dizal, kwamfutar injin tana karanta zafin iskar da ke shiga, in ya wuce kima ta rage mai ko ƙarfin turbo don kare injin. Direba sai ya ji mota ta yi nauyi da rana, alhali da asuba lafiya lau take ja da lodi iri ɗaya. Da yawa sukan zargi man da suka sha ko nozul, a kashe kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba. A tsofaffin injuna da ba su da wannan kariya, zafin hayaƙi ne ke hawa, wanda a kwana a tashi yake cin turbo da fistin.

Gwajin ba shi da wuya ga bakaniken da ke da na'urar sikanin da ake soka wa a kafar OBD a ƙarƙashin sitiyari. A bi hanya ɗaya, da lodi ɗaya, a lokaci ɗaya na rana, sau ɗaya da raga sau ɗaya babu, a kwatanta tazarar da ke tsakanin zafin iskar injin da na waje. A tabbata dai na'urar tana karanta ma'aunin da ke bayan intakula, domin a wasu motoci wanda ke kusa da filtar iska take nunawa, shi kuwa bai san abin da ya faru bayan turbo ba.

Ɗaurawa da tsaftacewa

Raga da noti ake ɗaure ta, ba da walda ba, don a iya sauke ta a wanke bayanta, a kuma bar tazara tsakaninta da haƙarƙarin kada girgizar burji ta sa ta goge su. Wajen tsaftacewa, a hura iska daga baya zuwa gaba da kwamfreso irin ta mai faci, a rage mata ƙarfi. Injin feshin masu wankin mota, in aka kusanto da bakinsa, kwantar da haƙarƙarin yake yi, kuma wanda ya kwanta ya toshe ke nan har sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya an miƙar. Da dare, a haska tocila daga bayan intakula a duba ta gaba: inda haske bai fito ba, iska ma ba ta bi ta nan.