Ƙa'idar shigar da mujallar likitanci cikin kundin MEDLINE, da yadda za ka gane mai yi maka ƙarya

Duk likitan da ke neman ƙarin girma a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna, ko asibitin koyarwa na Shika, ya san irin saƙonnin nan da ke cika masa imel: turo mana maƙalarka, mako biyu ta fito, kuma mujallarmu tana PubMed. Wannan magana ta ƙarshe, ta PubMed, shafin neman maƙalun likitanci a intanet, ita ce ke ruɗar mutane, domin tana iya zama gaskiya alhali babu wanda ya taɓa tantance mujallar.

Asalin abin yana Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka, wanda ake kira NLM, a garin Bethesda. Tun 1879 wani likitan soja, John Shaw Billings, ya fara fitar da Index Medicus, kundin da ke jera maƙalun likitanci bisa maudu'i. An yi ta buga shi a takarda har 2004. MEDLINE, wanda ya fara aiki a 1971, shi ne magajinsa a kwamfuta, kuma yau yana ɗauke da mujallu sama da 5,000. PubMed ƙofar shiga ce kawai, da aka buɗe wa kowa kyauta a 1997. Akwai kuma PMC, rumbun da aka kafa a 2000 don adana cikakkun maƙalu. MEDLINE, PubMed da PMC abubuwa uku ke nan, kowanne da ƙa'idarsa.

Sai dai kafin a kai ga wannan, ɗakin karatu yana yin aiki iri biyu a kan mujalla, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke kawo ruɗani. Na farko rajista ce: sunan mujallar, mai buga ta, shekarar da ta fara, sau nawa take fita, da lambarta mai alƙaluma takwas ta ISSN, wadda a Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa. Wannan shaida ce kawai cewa mujallar tana nan, kamar katin haihuwa, wanda ba ya nuna halin mai shi. Na biyu shi ne bin maƙalu ɗaya bayan ɗaya ana liƙa musu kalmomin nema, kuma zaɓaɓɓun mujallu kaɗai, wato na MEDLINE, ake yi wa haka.

Mai buga mujalla ne ke neman a zaɓe ta, ba marubuci ba. Dole ta kasance tana da ISSN, ta yi aƙalla shekara guda tana fitowa, kuma ta buga maƙalu 40 waɗanda masana suka duba kafin a buga. In ba da Ingilishi take fitowa ba, sai kowace maƙala ta zo da take da taƙaitaccen bayani da Ingilishi. Daga nan ƙwararru su zauna a kanta. Suna duba ingancin binciken, da yadda ake tantance maƙalu, da ko marubuta na bayyana wanda ya ba su kuɗi, da ko an nemi izinin kwamitin ɗa'a da yardar majinyata, da kuma ko mujallar na janye maƙala in an gano maguɗi. Wadda aka ƙi sai ta jira shekara biyu kafin ta sake nema. Wadda aka karɓa ma ba ta tsira ba, don ana iya cire ta in ta lalace. Mujallun gida sun sha tsallake wannan siraɗi: Annals of African Medicine ta Sakkwato tana ciki, haka Nigerian Journal of Clinical Practice.

To ta yaya mujallar da ba a zaɓa ba ke bayyana a PubMed? Tun 2008 doka ta wajabta wa duk wanda ya yi bincike da kuɗin hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ya ajiye maƙalarsa a PMC, ko a ina ya buga ta. Da maƙalar ta shiga can, sai ta fito a PubMed. Ke nan mutum ɗaya zai iya jawo sunan mujallar banza cikin PubMed, masu mujallar kuma su ɗauki wannan su yi ta talla da shi. Akwai kuma mujallun da PMC ya tantance ya karɓa baki ɗaya amma ba sa cikin MEDLINE. Waɗannan ba na bogi ba ne, matakinsu ne daban.

Amfanin zaɓen yana fitowa ne wajen nema. Tun 1960 NLM ke da jerin kalmomi tsayayyu mai suna MeSH, kusan 30,000 yanzu, ana sabunta su duk shekara. A ce wata ƙaramar likita a sashen yara tana neman abin da aka rubuta kan sikila a Najeriya. Marubuta sun kira cutar da sunaye iri-iri, wani da cikakken suna, wani da haruffa uku. A MEDLINE duk an tara su ƙarƙashin kalma ɗaya, Anemia, Sickle Cell, sai ta haɗa da kalmar Nigeria, ta ƙara rukunin shekarun yara, abin da take so ya fito. Maƙalar da ke PubMed ba tare da waɗannan kalmomi ba, irin wannan nema zai wuce ta. Da can mutane ne ke karanta maƙala su liƙa kalmomin, amma daga 2022 manhaja ke yi, mutane na bin sawu a wasu fannoni. Shawarata a nan, rubuta take da taƙaitaccen bayani a fili, ka ambaci cutar da wurin da aka yi binciken, don da su manhajar ta fi dogara.

Rashin shiga MEDLINE bai mai da mujalla ta banza ba. Mujallun Afirka masu mutunci da yawa suna AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet, wanda ya fara a 1998, ko African Index Medicus na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a ganina kwamitocin ƙarin girma na zaluntar binciken gida in suka yi watsi da su. Laifin yana kan mai iƙirarin abin da ba shi da shi.

Binciken ba ya cin minti biyar. Buɗe NLM Catalog, kundin rajistar mujallu na NLM, a wayarka, sa lambar ISSN maimakon suna, domin 'yan damfara kan kwaikwayi sunan sananniyar mujalla su canza kalma ɗaya. Duba layin matsayinta. In an rubuta "Currently indexed for MEDLINE", an zaɓe ta. In akasin haka ka gani, duba ko PMC ya karɓe ta gaba ɗaya, ko kuwa maƙalun ɗaiɗaikun marubuta ne kawai suka shiga. In ka kasa ganewa, kai wa ma'aikacin ɗakin karatun asibitinku lambar kafin ka tura ko sisi.