Lambar Yabo ta Aga Khan ta Gine-gine

Lambar Yabo ta Aga Khan ta Gine-gine kyauta ce da ake bayarwa duk bayan shekara uku ga gine-ginen da suka amfani al'ummar Musulmi da muhallinsu. Aga Khan na huɗu, Karim al-Husaini, limamin mabiya Isma'iliyya (wani reshe na Shi'a) a lokacin, shi ya kafa ta a 1977, aka yi bikin farko a Lahore ta Pakistan a 1980. Kuɗinta a yanzu dala miliyan ɗaya ne, ana kasa su tsakanin ayyukan da suka yi nasara.

Sharuɗɗa

Ba tsayi ko tsada ake dubawa ba. Sai an gama gini, mutane sun shiga sun zauna a cikinsa na wani lokaci, sannan a tura masana su je su gani da ido, su kuma ji ta bakin masu amfani da shi. Ba dole mai zanen ya zama Musulmi ba. Yabon ma bai tsaya kan mai zane kaɗai ba, yana kaiwa ga magini da hukumar gari da mutanen da suka sa aikin.

Masallacin Yama

Aikin da ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne masallacin Juma'a na Yama, wani ƙauye a jihar Tawa ta Nijar, wanda ya ci lambar a 1986. Dattawan garin ne suka ɗora wa Falke Barmu aikin a 1962, shi kuwa manomi ne kuma magini. Aikin gayya aka yi: wasu gidaje suka kawo ƙasa, wasu itace, wasu suka ɗebo ruwan kwaɓi. Da farko ginin soro ne kawai mai kusurwa huɗu da ginshiƙai a ciki. Wajen 1975 Falke ya koma masa, ya sake rufin da baka-baka na itace da aka lulluɓe da laka, ya ɗora ƙubba a tsakiya. Daga baya aka tayar da hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta, aka kammala wajen 1982.

Duk wanda ya tashi a karkarar Kano ko Jigawa zai gane wannan hannu. Shi ne dai na maginan da ke mulmula tubali su shanya a rana, su jera azara, su ɗaura bakan gizo, su yi yaɓe da makuba, su sa indararo don kada ruwan damina ya ci bango. Soron da aka gina haka yakan yi sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi lokacin hunturu, abin da ɗakin bulo da kwano ba ya yi.

Wasu ayyukan

A Afirka ta Yamma akwai masallacin Niono na Mali, na magini Lassine Minta, a 1983, da makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso a 2004, wadda Francis Kéré ya gina wa ƙauyensu da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwanon sama don iska ta riƙa ratsawa. Shirin gidaje na Bankin Grameen a Bangaladesh ya samu a 1989, gyaran kwarin Wadi Hanifa na Riyad kuma a 2010. Hassan Fathy na Masar, mai rajin ginin ƙasa ga talaka, ya karɓi lambar musamman tun a zagayen farko.

Saɓani

Wasu na ganin yabon ginin ƙasa sha'awar mutanen birni ce, tunda mai gidan shi ke fama da yaɓe kowace shekara. Ambaliyar 2022 ta rushe gidajen ƙasa da dama a Jigawa. Masu kare ginin ƙasa na cewa matsalar ta tushe ce da magudanar ruwa.