Otal ɗin La Posada

La Posada tsohon otal ne da ke Winslow, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Arizona ta Amurka. Sunan da Sifaniyanci ne, ma'anarsa masauki. Kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe ne ya gina shi, kamfanin Fred Harvey ke kula da baƙi da abinci, aka buɗe shi a 1930 daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, wato dai tun farko bai zo a sa'a ba.

Mary Colter ce ta zana ginin, a zamanin da da wuya ka ga mace a wannan sana'ar. Ita kuma ba zane kawai ta yi ba, sai da ta ƙirƙiro wa gidan labari, wai gidan gona ne na wasu attajiran Sifaniyawa da suka gada kaka da kakanni, sannan ta bi ta zaɓo kujeru da fitilu da tsarin lambu duk don su dace da labarin nan nata. Fuskar otal ɗin ma layin dogo take kallo, tunda baƙin ta jirgi suke sauka.

To nan gizo ke saƙar. Da mutane suka koma mota da jirgin sama sai fasinja ya yi ƙasa, aka rufe otal ɗin a 1957, a 1959 aka yi gwanjon kayan ciki kaf, daga baya kamfanin Santa Fe ya yayyanka ɗakunan ya maida su ofisoshi. Ɓarna ce kam, amma zaman ofis ɗin ne ya sa ginin bai zama kango ba.

Zuwa 1994 har an fara maganar rushe shi, mutanen gari suka tashi tsaye, wasu ma su ke ba lambun ruwa kyauta. Wani mutum mai suna Allan Affeldt ya shafe shekara uku yana ciniki da kamfanin Santa Fe kafin ya saya a 1997, shi da matarsa Tina Mion mai zane suka tare a ciki suna gyara ɗaki bayan ɗaki, ana cire abin da aka lillika ana dawo da tsarin Colter. Yanzu otal ɗin na aiki, kuma jirgin ƙasan fasinja mai suna Southwest Chief na kamfanin Amtrak har yau yana tsayawa a bakin ƙofarsa.