Redmi 9A

Redmi 9A wayar Android ce mai rahusa da kamfanin Xiaomi na ƙasar Sin ya fito da ita a ƙarshen watan Yunin 2020, tare da Redmi 9C. An ƙera ta ne don mai son babban sikirin da batir mai jimawa a kan kuɗi kaɗan. Sauran kayan cikinta kuwa na lallaɓawa ne.

Sikirin ɗinta IPS LCD ne mai inci 6.53 da ɗigo 720 x 1600. Rubutu yana fita sarai a cikin ɗaki, amma a tsakiyar rana sai an ƙure haske. Bayanta roba ce mai ƙananan zane da ke rage santsi a hannu.

Injinta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan wayar, shi ne MediaTek Helio G25, mai ƙwayoyin aiki takwas na Cortex-A53 da ke kaiwa gudun 2.0 GHz. Duka takwas ɗin irin masu tsimin wuta ne, babu mai ƙarfi ko ɗaya a cikinsu, shi ya sa manhaja kan ɗan yi jinkiri kafin ta buɗe. Samfurin da ya fi yawa a kasuwa yana da RAM (wurin da waya ke riƙe manhajojin da ke buɗe) 2GB da ma'adana 32GB, kuma a nan matsalar take. Idan aka buɗe WhatsApp da Facebook da Chrome a lokaci guda, wayar kan rufe ɗaya a ɓoye don ta samu sarari, in aka koma masa sai ya fara daga farko. Mai RAM 3GB ya fi dama sosai. Akwai kuma abin da masu saye ba su cika lura da shi ba: injin 64-bit ne, amma Android ɗin da aka ɗora mata 32-bit ne, wato tsohon tsari, don haka wasu sababbin manhajoji da wasanni ba sa hawa kanta ko da akwai wuri. Ta zo da Android 10 da MIUI 12, wato tsarin da Xiaomi ke ɗorawa a kan Android.

Batirin 5000 mAh ne, yana wuce yini cikin sauƙi. Sai dai caji ta bakin micro-USB ake yi da wat 10, cikawa kan ɗauki kusan awa uku. Idan igiyar caji ta fara sakwarkwacewa, galibi ƙura ce ta cushe a bakin. A kashe wayar a share da tsinken itace, ba da allura ba.

Kyamarar baya 13MP ce, ta gaba 5MP, hotonsu na dare ba ya fita da kyau. Tana ɗaukar layi biyu da katin memori kowanne da gurbinsa, tana da 4G da rediyon FM da ramin iyafis. Ba ta da wurin ɗora yatsa, sai buɗewa da fuska ko lambar sirri. Wi-Fi ɗinta na 2.4 GHz ne kawai, ba ta ganin na'urar da aka saita a kan 5 GHz.