Lissafin ninkin-ba-ninki: tambayoyin da ɗalibai ke yi kan y = bˣ

Duk sanda muka iso darasin da littattafan aljabara ke kira eksponenshiyal, nakan ga fuskokin ɗalibai sun sauya tun ban gama rubuta y = 2ˣ a allo ba. Abin da ke ɗaure musu kai shi ne x ɗin da suka saba gani a ƙasa ya hau bisa ya zauna. A ganina darasin nan duka ya rataya ne kan abu guda: bambancin ƙari da ninki. Wanda ya kama wannan ba ya bukatar haddar dokoki goma. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da yadda nake amsa su.

Malam, shi wannan lissafi mene ne ainihinsa?

Bari mu fara da ciniki. A ce wani attajiri ya ɗauke ka aikin kwana 30, ya ce ka zaɓa: ko ya riƙa ba ka naira 10,000 kullum, ko ya ba ka naira 1 yau, gobe 2, jibi 4, gata 8, kowace rana ninkin ta jiya. Kusan duk ajin sukan zaɓi dubu goma, kuma ban ga laifinsu ba. Bayan kwana 10 mai dubu goma ya tara 100,000, ɗayan kuwa naira 1,023 kacal ke aljihunsa. Har rana ta 17 yana baya. A rana ta 18 ne ya wuce, da 262,143 a kan 180,000. Ran da wata ya cika, na farko yana da 300,000, na biyu yana da 1,073,741,823, wato sama da naira biliyan ɗaya.

Albashin farko ƙari ne: kullum adadi ɗaya ake ɗorawa, zanensa kuma miƙaƙƙen layi. Na biyu ninki ne: kullum da adadi ɗaya ake ninkawa. Shi ake rubutawa y = a·bˣ. Harafin a shi ne abin da aka fara da shi, b shi ne tushe, wato adadin da ake ninkawa da shi a kowane taki, x kuwa, lambar sama, shi ke ƙirga sau nawa aka ninka.

Tambayar ba sabuwa ba ce. Ibn Khallikan, marubucin tarihin nan na ƙarni na 13, ya kawo labarin wanda ya roƙi sarki ya sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon ches, biyu a na biyu, huɗu a na uku, har gida na 64. Jimillar ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Ba rumbun da zai ɗauka.

To ai x² ma yana da lambar sama. Me ya raba shi da 2ˣ?

Wurin zaman x. A x², tushen ne ke sauyawa, lambar sama tana nan daram a 2. A 2ˣ tushen ne a tsaye, lambar sama ke tafiya. Da farko kamar tagwaye suke: idan x ya zama 2, duka 4 suke bayarwa; idan 4 ne, duka 16. A 3 ma x² ne kan gaba, 9 a kan 8. Daga 5 zuwa sama aka raba gari. A 10, ɗaya 100 ne, ɗaya 1,024. A 20, ɗaya 400, ɗaya 1,048,576. Ko x¹⁰⁰ aka kawo, ƙarshenta 2ˣ zai cim masa ya wuce, sai dai a daɗe ana tafiya.

Me ya sa 2⁰ yake 1? Ni gani nake sifili ya kamata.

Wannan tambaya ina jin daɗinta, domin mai yin ta tunani yake yi, ba hadda ba. Ka sauko tsanin da baya. 2³ takwas ne, 2² huɗu, 2¹ biyu. Kowane taki ƙasa, rabawa biyu ake yi. To me ke ƙasan biyu? Rabin biyu, wato ɗaya. Shi ne 2⁰. Ba wanda ya zauna ya ƙaga dokar don wahalar da yara. Tsanin ne ya kai mu can. Da 3 ma haka: 27, 9, 3, 1. Da 10: 1,000, 100, 10, 1.

Kada ka tsaya nan, ci gaba da sauka. Ƙasan 1 akwai 1/2, shi ne 2⁻¹. Sai 1/4, wato 2⁻², sai 1/8. A nan ne maki ke zubewa a jarrabawar WAEC da NECO: yaro ya ga 2⁻³ sai ya rubuta −8. Alamar ragi da ke sama ba ta kai amsa ƙasa da sifili. Cewa kawai take yi a raba maimakon a ninka. Amsar 1/8 ce.

Lambar sama tana iya zama gutsure ma. 2 mai rabi a sama ita ce lambar da in ka ninka ta da kanta ka sami 2, kusan 1.414 ke nan. Rabin taki ne a kan tsanin. Saboda haka ne zanen yake fitowa sumul ba tsinkewa, maimakon ɗigo-ɗigo.

Yaya zanen yake, kuma me zan duba a jikinsa?

Ɗauki takardar giraf ka saka waɗannan: a x = −3, y 1/8 ne; a −2, 1/4; a −1, 1/2; a 0, 1; a 1, 2; a 2, 4; a 3, 8. Haɗa su. Za ka ga daga hagu layin kwance yake, kamar yana rarrafe a kan layin x (layin giraf na kwance), sai ya fara ɗago kai, ya ratsa layin y (na tsaye) a daidai 1, daga nan ya miƙe sama har takardar ta ƙare maka.

Abin lura na farko, wurin ratsawar nan. Ko wane tushe ka ɗauka, y = bˣ a 1 yake ratsa layin y, tunda b⁰ ɗaya ne. In akwai a a gaba, a wurin a zai ratsa: y = 5·2ˣ yana ratsawa a 5.

Na biyu shi ne wanda ya fi ban sha'awa. Ta hagu zanen yana matsowa kusa da layin x, kullum ƙara matsowa yake, amma ba ya taɓa shi har abada. Ka raba ƙosai biyu, ka sake raba rabin, ka sake. A hannu dai zai marmashe, amma a lissafi kullum da saura. 2⁻¹⁰ shi ne 1/1,024. Ƙanƙane ne ƙwarai, sai dai ba sifili ba ne. Irin wannan layi da ake kusanta ba a taɓawa, asimtot ake ce masa. Daga nan ne amsar wata tambayar jarrabawa ke fitowa: x yana karɓar kowace lamba, babba ko ƙarama, sama da sifili ko ƙasa da shi, amma y ba ya zama sifili kuma ba ya sauka ƙasa da shi. Don haka idan aka ce ka warware 2ˣ = −4, babu amsa, kuma faɗin hakan shi ne amsar.

Sannan zanen ba ya juyowa. Ba shi da ƙoli, ba shi da kwari irin na x². Kowace y daga x guda ɗaya tak take fitowa.

Me ya sa ake cewa dole b ya fi sifili, kuma kada ya zama 1?

Idan b ɗaya ne, ko sau dubu ka ninka, 1 za ka samu. Miƙaƙƙen layi ne a kwance, ba ninki a ciki. Idan kuma ƙasa da sifili yake, kamar −2, amsoshin tsalle za su riƙa yi: 1, −2, 4, −8, 16. A rabin taki kuma babu amsa ko kaɗan, domin cikin lambobin da muke aiki da su babu wadda za ka ninka da kanta ta ba ka −2. Ba zanen da zai haɗu.

Idan tushen bai kai 1 ba fa, kamar rabi?

Sai hawa ya koma gangara. y = (1/2)ˣ shi ne zanen 2ˣ in an duba shi a madubi: yana saukowa daga sama ta hagu, ya ratsa a 1, ya kwanta ta dama. Wannan shi ne lissafin raguwa, kuma muna da misalinsa a gida.

A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, ya ci karo da wani tsohon kwalekwale a binne. Masana suka ce ya kai shekara 8,000, ɗaya daga cikin mafiya tsufa da aka taɓa tonowa a duniya. Ta ina suka sani? Duk itacen da ke raye yana shaƙar wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon-14. Ran da aka sare shi, shaƙar ta tsaya, abin da ke ciki ya fara raguwa, kuma rabi yake komawa duk shekara 5,730. Bayan shekara 11,460 saura rubu'i. Itacen da ya shekara 8,000 ya ci taki ɗaya da ɗan ɗori, kusan 1.4, don haka abin da ya rage a jikinsa wajen kashi 38 cikin 100 ne. Masu binciken daga wannan ragowar suke farawa, su bi zanen da baya su fito da shekarun. Willard Libby na Amurka ne ya fito da dabarar, ta kuma sa aka ba shi lambar Nobel a 1960.

Na ga wani an rubuta y = 2ˣ + 3. Shi kuma fa?

Zanen ne aka ɗaga shi gaba ɗaya taki uku. Yanzu a 4 yake ratsa layin y, layin da ba ya taɓawa kuma ya koma y = 3. Ka tuna shayin da ka ajiye. A ce an zuba shi yana da zafin digiri 90, ɗakin kuma 30 ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana komawa rabi duk minti 10. Tazarar 60 ce, sai 30, sai 15, sai 7.5. Shayin ke nan 90, 60, 45, 37.5. Da farko yana hucewa da sauri, daga baya a hankali, kuma ba zai taɓa fin ɗakin sanyi ba. Zafin ɗakin shi ne asimtot ɗinsa.

Ta yaya zan sauko da x daga sama in an ce in nemo shi?

Ka mai da ɓangarorin biyu tushe ɗaya. A 2ˣ⁺¹ = 32, talatin da biyu 2⁵ ne, don haka x + 1 = 5, x = 4. A 4ˣ = 8, huɗu 2² ne, takwas 2³, sai 2x = 3, x = 1.5. Dalilin da ya halatta wannan shi ne abin da na faɗa ɗazu, cewa zanen ba ya juyowa. In kuwa tushen ya ƙi haɗuwa, kamar 3ˣ = 20, sai logarizim, wato lissafin nemo lambar sama, wanda John Napier na Sikotilan ya wallafa a 1614. Kafin ka taɓa kalkuleta ka yi kintace: 3² tara ne, 3³ ashirin da bakwai, amsar tana tsakanin 2 da 3, ta fi kusa da 3. Ita ce 2.73.

Wannan harafi e da ke kan kalkuleta, daga ina ya fito?

Daga lissafin kuɗin ruwa. A 1683 Jacob Bernoulli, mutumin Basel ta ƙasar Siwizalan, ya tambayi kansa: in aka ba da 1 a kan ruwan kashi 100 a shekara, ƙarshen shekara 2 ne. In aka lissafa sau biyu a shekara, rabi-rabi, ruwan yana hawa kan ruwa, 2.25 ne. Duk wata, 2.613. Kullum, 2.7146. Yana ƙaruwa amma yana dosar wata iyaka, 2.71828 da 'yan kai marasa ƙarewa. Leonhard Euler ne daga baya ya sa mata suna e. Abin da ya fifita ta shi ne, a zanen y = eˣ, tsinin hawan a kowane wuri daidai yake da tsayin zanen a wurin. Sai ka shiga kalkulas, wato lissafin saurin sauyi, za ka ga girman wannan.

In ba jarrabawa ba, ina zan ci karo da shi?

A kasuwa. Hauhawar farashi ninki ce, ba ƙari ba, domin ƙarin bana a kan farashin bara yake hawa. A 2024 ta haura kashi 30 cikin 100 a Najeriya. Tushen ke nan 1.3. Kayan naira 1,000 zai zama 1,300, sai 1,690, sai 2,197: bai cika shekara uku ba ya ninka. Albashin da aka ƙara wa adadi ɗaya kowace shekara miƙaƙƙen layi ne, farashi kuwa mai lanƙwasa sama, kuma mun riga mun ga wanda ke cin tsere tsakanin su biyun.

Ga wata dabara ga ƙananan kashi: raba 70 da kashin, ka sami kusan shekarun ninkawa. Garin da jama'arsa ke ƙaruwa da kashi 3 a shekara zai ninka cikin shekara 23 da 'yan watanni. Wato kafin jaririn bana ya yi aure, garin yana bukatar ninkin azuzuwa da rijiyoyi da gadajen asibitin da yake da su yau, don kawai a tsaya inda ake.

Haka a madafa. Wasu ƙwayoyin cuta, in sun sami ɗumi da abinci, duk minti 20 suke rabuwa biyu. Awa 7 taki 21 ke nan, ƙwaya ɗaya ta haura miliyan biyu. Shi ya sa miyar da aka bari da rana a watan Afrilu take lafiya lau da azahar, kafin isha ta juya.

Ke nan abin haka zai yi ta ninkuwa ba iyaka?

A takarda, i. A duniya kuwa abinci yakan ƙare, wuri yakan cika, sai zanen ya sunkuyo ya kwanta. Matsalar ita ce ba a cika farga da wuri ba. A ce kainuwa tana ninka kanta kullum a kududdufi, kuma ranar 30 za ta rufe ruwan ruf. Nakan tambayi aji yaushe ta kai rabi, su ce ranar 15. Ranar 29 ce. Ranar 28 rubu'i ta ci. Ranar 25, saura kwana biyar kacal, kashi ɗaya cikin 32 ta rufe, wajen kashi 3 cikin 100, kuma duk wanda ya zo ɗiban ruwa a ranar ruwa zai gani fetal, da ɗan kore a gefe guda.