Antena (gaɓar ƙwaro)

Antena ita ce ɗaya daga cikin siraran gaɓoɓi biyu da ke fitowa a goshin ƙwaro, tsakanin idanu ko kusa da su. Da ita ƙwaro ke shaƙar wari da lalube, wasu har ji suke yi da ita. A makarantun Yamai da Tawa sunan Faransanci ake koya wa yara, antenne, kalmar da ake kiran eriyar rediyo da ita.

Asalin kalma

Tushen Latin ne, antenna ko antemna, kuma da fari ba ruwansa da ƙwari. Sunan sandar nan ce da ake giciyewa bisa doguwar itaciyar jirgin ruwa, a ɗaura mata zanen da iska ke turawa. Aristotal, masanin tsohuwar Girka, a rubutunsa kan dabbobi, ya kira gaɓoɓin keraiai, wato ƙahoni. To, a Girkanci wannan kalma tana nufin ƙaho, tana kuma nufin sandar jirgi. Da Tiyodoras Gaza, malami Bagirke mazaunin Italiya, ya mai da littafin Latin, sai ya ɗauki ma'anar jirgi ya rubuta antennae. An buga fassararsa a birnin Banis na Italiya a 1476. Daga nan masana halittu na Turai suka riƙe kalmar, ta shiga Turancin Ingilishi wajen tsakiyar ƙarni na 17. Ma'anar eriya ta zo ne can baya, kusan 1900, zamanin Markoni, ɗan Italiyan da ya yi fice wajen ƙirƙiro rediyo.

Kan mafarin antemna ita kanta masana sun saɓa. Wasu na danganta ta da aikatau mai nufin miƙewa.

Sassa

Uku ne, duka da sunan Latin. Scapus, kara, shi ne gindin da ke manne da kai. Pedicellus, 'yar ƙafa, a cikinsa sashen ji yake, wanda likita Kiristofa Jonston ya bayyana a jikin sauro a 1855. Flagellum, bulala, shi ne dogon saura mai gaɓoɓi. Gaɓoɓin bulalar sauro 13 ne. Antenar namijin sauro buzu-buzu take da gashi, da ita yake jin kaɗawar fiffiken mace.

Amfani wajen tantancewa

Antenar fara gajera ce, ba ta kai tsawon jiki ba. Ta gyare da kyankyaso doguwa ce kamar zare. Idan ƙwaro ya bushe, bulalar ce ke fara karyewa, don haka mai adana samfuri yakan daidaita ta tun jikin yana ɗanye.